Inda Mai Tara Sulalla Da Masanin Sulalla Suka Raba Hanya

Akwai wata babbar tsabar azurfa da har yau akan ci karo da ita a hannun maƙeran farfaru da dillalan kayan da a garuruwan Arewa da na Jamhuriyar Nijar. A fuska ɗaya tana ɗauke da hoton wata mace mai lulluɓi, a ɗaya fuskar kuma mikiya mai kai biyu da shekarar 1780. Wannan ita ce dalar Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tarar ana canjin irinta a kan wuri 2,500 lokacin da ya sauka Kano a shekarar 1851.

Idan aka miƙa wannan dala ga mai tara tsofaffin kuɗi don nishaɗi, abin da zai fara kama idonsa shi ne shekarar, sai ya lissafa cewa yana riƙe da abin da ya haura shekara 240 a duniya, daga nan ya tambayi farashi. Masanin sulalla kuwa ya san cewa shekarar ba ta faɗa masa komai ba tukuna. Mariya Tereza ta rasu a 1780, amma saboda 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka sun amince da tsabar kamar yadda suka santa, sai aka ci gaba da buga ta da wannan shekarar ba tare da an sauya ba. An buga ta a Biyana, an buga a Rum, Landan, Paris, Brasels, Bombay da Bamingham, har adadinta ya kai ɗaruruwan miliyoyi, kuma har yanzu Ostiriya tana buga ta. Saboda haka masani zai ɗora ta a kan sikeli ya ga ko ta kusanci giram 28, ya ƙirga duwatsun adon da ke kewaye da maɓallin kafaɗar sarauniyar, ya duba siffar gicciyen da ke bayan shekarar da gashin jelar mikiyar, domin da irin waɗannan ƙananan alamomi ne ake gane garin da aka buga ta da zamanin da aka buga. Mai yiwuwa dalar da aka ɗauka ta girmi jihadin Shehu Usman ɗan Fodiyo ta zama ba ta girmi 'yancin kan Najeriya da shekara 25 ba.

Tambayar da kowannensu ke yi

Dukansu biyu masoya abu ɗaya ne, kuma sau da yawa a kasuwa ɗaya suke haɗuwa. Mai tarawa burinsa ya cike gurbi: yana da kwabon 1952, yana neman na 1956, kuma ranar da ya same shi mai sheƙi ba tabo, buƙata ta biya. Wannan sha'awa ce mai kyau, kuma ba don irin waɗannan mutane ba da yawancin tsofaffin kuɗin duniya sun daɗe da narkewa a maƙera. Masani kuwa yana ɗaukar tsaba a matsayin takardar hukuma da aka rubuta a kan ƙarfe. Yana son ya san wanda ya ba da umarnin buga ta, da irin ƙarfen, da adadin da aka buga, da inda ta yi yawo, da abin da take saye a kasuwa a lokacinta. Kowace amsa da ya bayar kuma sai ya kawo hujjar da wani zai iya bi ya tabbatar ko ya ƙaryata. Shi ya sa kwabo guda da ya goge, wanda aka san ramin da ya fito, yakan fi masa daraja a kan guda goma masu ƙyalli da ba a san asalinsu ba.

Wannan hanyar tunani tana da daɗaɗɗen tarihi. Malamin tarihin Masar, al-Maƙrizi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1442, ya rubuta littafi sukutum a kan dinare da dirhami, kuma a wani littafin nasa ya danganta tsadar rayuwar da ta gallabi Masar a farkon ƙarni na 15 da yadda mahukunta suka cika kasuwa da kuɗin tagulla. A Turai, wanda ake ɗauka uban wannan fanni shi ne Joseph Eckhel, wanda ita Mariya Tereza ta naɗa ya kula da tsofaffin sulallan fadar Biyana a 1774. Kafin shi, masu hali kan jera tarinsu bisa girman tsaba ko irin ƙarfenta, na gaskiya da jabu a cakuɗe. A cikin mujalladai 8 da ya wallafa tsakanin 1792 da 1798, Eckhel ya jera kuɗin Girkawa bisa ƙasa da gari, ya tsame na ƙarya, ya kuma ƙi yarda da tsabar da aka gani a zane kawai ba a tabbatar da samuwarta ba.

Sikeli, ƙarfe da hatimi

Kayan aikin masani na farko shi ne sikeli. Lokacin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar da dinaren da babu hoto a jikinsa sai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira, an tsayar da nauyinsa a kan kimanin giram 4.25. Duk dinaren da ya kauce wa wannan ma'auni yana da labari: ko dai an yanke gefensa, ko an rage masa zinare saboda baitulmali ya shiga matsi, ko kuma wani ne ya kwaikwaye shi a wata ƙasa. A Gidan Tarihin Birtaniya akwai wani dinare da ke ɗauke da kalmar shahada da shekara ta 157 bayan Hijira, zamanin Halifa Mansur na Abbasiyya, amma a tsakiyarsa an rubuta sunan Offa, sarkin Mersiya a Ingila, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796. Masana sun lura cewa sunan sarkin a kife yake idan aka daidaita rubutun Larabcin, kuma Larabcin kansa yana da kurakurai, abin da ya nuna cewa maƙerin da ya sassaƙa hatimin kwaikwayo kawai ya yi, bai san abin da yake rubutawa ba. Daga wannan tsaba guda aka fahimci irin kwarjinin da zinaren Musulmi yake da shi a kasuwannin Turai a wancan zamani.

Kuɗin da iyayenmu suka kashe su ma suna amsa irin wannan bincike. A 1907 aka fara buga anini, wato kashi ɗaya cikin 10 na kwabo, kuma da sanholo aka yi shi, abin da ya sa yana cikin kuɗin farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe. Bai jure yanayin ƙasar nan ba, sai aka koma gaurayen tagulla da nikel a 1908. Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fitar da taro, sisi, sule da fataka na azurfa a 1913. Da farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai aka koma farin ƙarfe mai launin rawaya a 1920. A 1938 kuma aka sake sauya gaurayen, aka yi wa gefen sule wani kwarmi na musamman saboda masu buga jabu sun addabi hukuma. Mai tarawa yana ganin sule iri uku da ya kamata ya mallaka. Masani yana ganin farashin azurfa a kasuwar Landan da yaƙin da gwamnati ta yi da 'yan jabu, kuma zai iya zuwa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, Ibadan ko Inugu ya nemi wasiƙun da suka yi bayanin hakan.

Akwai kuma ƙananan haruffa da ido kan tsallake. Harafin H a jikin kwabo yana nufin kamfanin Heaton na Bamingham ne ya buga shi, KN na nufin King's Norton, SA na nufin Firetoriya a Afirka ta Kudu, wanda ba shi da alama kuwa daga ma'aikatar buga kuɗi ta gwamnatin Ingila ya fito. A tsofaffin kuɗi na zamanin da ake bugu da guduma, binciken ya fi haka zurfi. Kowane hatimi da hannu aka sassaƙa shi, don haka babu biyu da suke daidai, kuma na sama, wanda guduma ke sauka a kansa, ya fi saurin lalacewa. Idan masani ya tara hotunan ɗaruruwan tsabobi ya ga hatimin ƙasa guda ya yi aiki da na sama uku, zai iya jera su bisa wanda ya riga wani, ya kuma ƙiyasta yawan kuɗin da wani sarki ya buga. Wanda ya share wannan hanya a 1878, Friedrich Imhoof-Blumer, ɗan gidan 'yan kasuwa ne a Suwizalan da ya faro a matsayin mai tarawa, kuma a 1900 tarinsa ya koma gidan tarihin Balin inda kowane mai bincike zai iya duba shi.

Tsaba da isnadinta

Duk wanda ya zauna a gaban malaman hadisi ya san cewa ba a karɓar magana sai da isnadi, kuma duk ma'aikacin ofis ya san cewa wasiƙar da aka zare daga fayil ɗinta ta rasa rabin ma'anarta. Haka tsaba take. A 1999, a wata gona da ke tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin, aka tono azurfa mai nauyin kilo 67, a cikinta har da tsabobi sama da 14,000, kusan dukkansu dirhamin ƙasashen Musulmi. Saboda masana ne suka kwashe su a tsanake ba a warwatsa ba, an gano cewa mafi sabunta a cikinsu an buga ta ne wajen shekarar 870, wanda ya nuna cewa ba a binne dukiyar kafin wannan lokaci ba. Sunayen garuruwan da ke jikin dirhaman kuma suka zana hanyar fatauci daga ƙasashen Musulunci, ta kogunan Rasha, har Tekun Baltik. Da an rarraba su ga dillalai ɗaya bayan ɗaya, kowace tsaba za ta samu mai saye, amma wannan labari da ya tafi ke nan.

Misalin da ya fi kusa da mu yana arewa maso gabashin Mali. Malamin Andalus al-Bakri ya rubuta a 1068 cewa mutanen Tadmakka suna ciniki da dinare na tsantsar zinare da ake kira masu sanƙo, saboda babu tambari ko rubutu a jikinsu. Ƙarnuka suka shuɗe wannan magana tana cikin littafi kawai. A 2005 wani mai binciken kufai, Sam Nixon, ya tono wasu fasassun katangar yumɓu masu ƙananan ramuka a kufan garin, wanda yanzu ake kira Essuk, kusa da Kidal. Da aka duba su da na'ura sai aka ga ɗigon zinare a manne cikin ramukan: mazubin da ake zuba waɗancan dinarai ne, kuma sun girmi rubutun al-Bakri. Babu mai tara sulalla da zai ba da ko sisi a kan ɓallin yumɓu, alhali shi ne ya tabbatar da cewa an yi kuɗin zinare a bakin Sahara fiye da shekara 1,000 da suka wuce.

Jita-jita da hujja

Inda bambancin ya fi taɓa aljihu shi ne wajen labaran da ke yawo a kan tsofaffin kuɗi. Kwabo mai huji na zamanin Turawa yana ɗauke da tauraro mai tsini 6, kuma akan ji masu danganta shi da Isra'ila, ko masu cewa ƙarfensa yana da wani sirri da zai sa a saye shi da miliyoyi. Tauraron yana jikin kuɗin tun shekara 40 kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Lugga da kansa ya bayyana cewa ya ɗauko alamar, wadda aka sani da hatimin Annabi Sulaiman, daga murfin wani kwanon tagulla da sojojinsa suka kwaso bayan cin Kontagora. A ɗaya fuskar kwabon kuma an rubuta darajarsa da haruffan Larabci, domin su ne mutanen Arewa suke karantawa.

Haka batun kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya hau gadon Ingila a watan Janairu ya yi murabus a Disambar wannan shekara. A Ingila ba a saki kuɗi da sunansa ba, amma an saki a Afirka ta Yamma, Afirka ta Gabas, Fiji da Sabuwar Gini. Labarin gaskiya ne, kuma da shi dillali ke ɗaga farashi. Abin da ba zai faɗa ba shi ne an buga wannan kwabo miliyoyi, kuma jama'a sun ɓoye shi da yawa saboda labarin murabus ɗin, don haka ba shi da wuyar samu. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Abin da ke sa ta shi ne ƙarancin abin da ya rage, da lafiyar jikin tsabar, da yawan masu nema, kuma dukkansu ana iya duba su a kundin adadin bugu da sakamakon gwanjo. Wanda ya san wannan, da wuya ɗan damfara ya ci kuɗin fanshonsa.

Abin da ke salwanta

Kuɗinmu na da suna ɓacewa ta hanyoyi uku. Maƙera suna narka dala da sule na azurfa su yi zobe da warwaro. Masu tarawa da ba su sani ba suna goge tsaba da toka da lemon tsami don ta yi ƙyalli, alhali gugar tana kankare saman ƙarfen da ƙananan alamomin da ake karantawa, tana kuma karya darajarta a kasuwa. Ta uku ita ce tukunyar kuɗin da aka haƙo wajen tona harsashin gini ko rijiya, aka raba a tsaye ba wanda ya rubuta wurin ko adadin.

Harshe ne ya riƙe mana abin da ƙarfe ya saki. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Har yau ana cewa mutum ba shi da ko anini, ana cewa wuri na gugar wuri, kuma a Maraɗi da Damagaram dala tana nufin sefa 5. Marion Johnson da Jan Hogendorn, a littafinsu na 1986, sun bi sawun wuri tun daga tsibiran Maldibs har kasuwannin Afirka ta Yamma, suka nuna yadda wani nau'in wuri mai araha da 'yan kasuwar Jamus suka riƙa kwasowa daga gaɓar Zanzibar a tsakiyar ƙarni na 19 ya karya darajar kuɗin. Wato hauhawar farashi saboda yawan kuɗi a hannun jama'a ta girmi naira nesa ba kusa ba.

Ko kuɗin bayan nan suna magana ga mai saurare. Sulallan farko na Babban Bankin Najeriya, na 1959, suna ɗauke da auduga a taro, koko a sisi, kwakwar manja a sule da gyaɗa a fataka. Da aka koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairun 1973, dalar gyaɗa ta samu wuri a kwabo 25, amma a kwabo 1 hasumiyar haƙar man fetur ce ta bayyana. A Fabrairun 2007 aka fitar da tsabar naira 2 mai hoton ginin Majalisar Tarayya, wadda yau da wuya a samu mai karɓarta a kasuwar Wuse. Wanda ya jera waɗannan tsabobi bisa shekara ya jera tarihin tattalin arzikin ƙasar.

Yadda ake tsallakawa

Babu katanga tsakanin ɓangarorin biyu. Ƙungiyoyin masana mafiya daɗewa, irin ta Landan da aka kafa a 1836 da ta Amurka ta 1858, masu tarawa ne suka assasa su. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin albashin ma'aikaci ba: ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da gwal, madubin ƙara girma, ma'aunin faɗi, da littafin rajista. Kowace tsaba a ba ta lamba, a rubuta nauyinta da faɗinta, rubutun da ke fuskokinta biyu, alamar inda aka buga ta, ranar da aka same ta, a wane gari, daga hannun wa, da abin da mai ita ya faɗa game da asalinta. A ɗauki hoton fuska biyu, a riƙe ta ta gefe, a ajiye ta a ambulan ɗin takarda nesa da laima, kada a goge ta. Ya fi kyau mutum ya zaɓi fage ɗaya, misali anini da kwabon 1907 zuwa 1958, ya san shi ciki da waje, maimakon ya cika gwangwani da kuɗin ƙasashe 50. Mazauna Abuja kuma suna da wurin farawa, domin Babban Bankin Najeriya ya buɗe gidan tarihin kuɗi a hedikwatarsa tun 2009.

Doka ma tana da ta cewa. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tonon kufai da fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba tare da izini ba, don haka wanda ya ci karo da binnannen kuɗi, hukumar zai sanar kafin ya taɓa su. Sashe na 21 na Dokar Babban Banki ta 2007 kuma ya tanadi ɗaurin da bai gaza wata 6 ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya huda ko ya lalata tsabar kuɗin da bankin ya fitar.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ya fi wuya ga mai son abinsa: ya bar wasu su gani, su gwada, su yi masa gyara. Masani yakan rubuta abin da ya gano ya wallafa, ya kuma bar rajistarsa tare da tarinsa ga magada ko gidan tarihi. Dattawan da suka karɓi albashi da fam da sule, suka san abin da taro ke saye a kasuwar Kurmi, suna raguwa kowace shekara. Wanda yake da irin su a gida, ya fara da su: ya ɗora musu tsabar a tafin hannu, ya tambayi sunanta da abin da take saye, ya rubuta amsar da kwanan wata a ƙarƙashin lambarta.